Makullin Zauren Baba

Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara?

"Na ba ƙungiyarku zauren Baba ku riƙa rainon yara, makulli na hanya." Haka ka faɗa gaban dangi ranar sadakar bakwai. Damina biyu ke nan. Ko da ƙafa makullin yake tahowa, ai ya isa Jos.

Mun sayi tabarmi, mun samu mai raino, amma har yau 'ya'yan matan kasuwar Taminus suna rarrafe a ƙarƙashin teburan tumatir. Jiya a gabana keke napep ya kusa take 'yar Maman Ladi.

Na ba ka zuwa Juma'a. Ranar Asabar mai walda zai yanke kwaɗon, kuma ban ga mai kuka ba sai ɓerayen ciki.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hajara