Mashin Kifin Baba

Yaya Jatau,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Inna? Ya ruwan tafkin Madarumfa bana? Ni lafiya lau, sanyin Faransa ne kawai.

Aikina yana nan: ina zana makaman 'yan sojojin roba da ake jerawa kan tebur, ana wasan yaƙin taurari da su. Da aka ce in ƙirƙiro sabon makami, sai na zana mashin kifin marigayi Baba, na sa wuta tana fita daga tsininsa. Masu son wasan suka yi ta dariya a intanet, wani ma ya ce cokali mai yatsu ne. Maigidana ya ce in mayar da shi bindiga kafin ƙarshen wata, ko ya sallame ni, kuma takardun izinin zamana a ƙasar nan tare da aikin suke tafiya.

Kada Inna ta ji. Jiya na ɗauki alƙalami in goge mashin, hannuna ya ƙi. Yaya, da kai ne, za ka goge shi? Ka amsa mini da wuri.

Allah ya tsare mana ku.

Ƙanenka,
Kanta