Sun Ba Ni Kujerar Girma, Ni Kuwa Bencin Baya Nake Kewa

Zuwa ga Jamila mai filin shawara,

'Yata, ki taimake ni, don abin da ke damuna in na faɗa wa wani a unguwa cewa zai yi daɗi ne ya yi mini yawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma ni in na fara zance ba na saurin tsayawa.

Shekaruna saba'in da biyu. Daga Filato maigidana ya kawo ni lokacin yana aiki a masaƙa a Kakuri, muka zauna a Makera, har yau nan nake. Masaƙa ta rufe, shi ma Ubangiji ya kira shi shekara tara ke nan. Abin da ya riƙe ni ban faɗi ba shi ne zumuntar mata ta cocinmu. Da ya rasu, sati biyu ban hura wuta ba, su ke dafawa su kawo. Da aka yi mini aikin ido, su suka riƙa karɓa-karɓa suna yini da ni. Na faɗa miki wannan ne don ki san ba ƙararsu na kawo ba.

Shekara ashirin da takwas ni ke buga tulu in muna waƙa. Duk Alhamis ƙarfe uku ina coci, mu share, mu jera benci kafin taro. Wurin zamana bencin baya ne kusa da taga, ni da ƙawata Celina, wadda mijinta da nawa sashe ɗaya suka yi aiki. Tana ɓoye dafaffiyar gyaɗa a bakin zane, muna ci muna gyara wa mai wa'azi Hausa a hankali. In an tashi mu taka a ƙasa har gida, tafiyar minti ashirin mu yi ta a awa guda. Ran Asabar kuma ziyara: mai jego, marar lafiya, gidan rasuwa, duk da mu ake zuwa.

Bara a makon zumunta, sabuwar shugabarmu Lydia, yarinya mai hankali da ladabi, ta shirya a karrama ni. Aka naɗa ni Uwar Zumunta. Aka ba ni atamfa da allo mai sunana, aka ajiye mini kujera mai katifa a gaba kusa da matar fasto. Ɗana Elisha ya zo daga unguwar Romi ya yanka akuya. Na yi kuka a ranar, kukan daɗi na gaskiya, don ban taɓa zaton talaka kamata za a tashi tsaye dominta ba.

To, tun daga ranar komai ya zama Mama ki huta. Na ɗauki tsintsiya, a karɓe. Tulu an miƙa wa wata yarinya, Vicky. Ba zan yi miki ƙarya ba, hannunta ya fi nawa sauri yanzu, ni ma ina jin inda nake makara. Elisha ya yi magana da wani mai keke, yana ɗauko ni ƙarfe huɗu daidai, ana cewa amin yana bakin ƙofa yana jira. In na matso inda mata ke hira sai a yi shiru, a durƙusa a gaishe ni. Aikina ɗaya ne, addu'ar rufewa. An cire sunana daga masu zuwa ziyara, an mai da shi cikin waɗanda ake ziyarta. Sukan zo sau ɗaya a wata da sabulu da garin kunu, su yi waƙa biyu su tafi, ni kuwa lafiyata ƙalau in ban da gwiwa.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, watan jiya Celina ta kwanta asibiti kwana tara ban sani ba. Da ban gan ta ba na tambaya, aka ce ta ɗan yi tafiya. Ashe matan shawara suka yi kada a ɗaga wa Mama hankali. Matar da ta wanke mini kaya da hannunta lokacin makokina, ta yi kwana tara tana duban ƙofa ban shigo ba. Da na ji, na je gidanta. Ta tarbe ni da zolaya, wai ai manya ba sa zuwa dubiya, aike suke yi. Ta yi dariya, amma na san dariyar Celina, wannan ba ita ba ce. Na dawo gida abinci ya ƙi shiga.

Ina jin kunyar in yi magana. Mata nawa ne a Makera suka tsufa ba mai leƙa su? Ni an ɗaga ni sama, sai in buɗe baki in ce ba na so? Lydia za ta ji na watsa mata ƙasa a ido, Elisha kuma zai ga duk ƙoƙarinsa bai yi mini ba. Amma gaskiya kaɗaici nake ji a kujerar nan, kuma ina tsoron in rasa Celina. Shin butulci ne wannan? Me zan yi?

Mahaifiyarki,
Tsohuwar mai tulu, Makera

Mama,

Na gode da kika amince mini da wannan magana. Ba butulci ba ne. Rabin wasiƙarki lissafin alherin matan nan ne, mai butulci ba ya farawa ta nan.

Su ma kada ki ga laifinsu da yawa. Haka aka tarbiyyantar da mu: in ka ga babba da kaya ka karɓa, in ya shigo ka rage murya, in labari mai nauyi ne ka tausasa masa. Lydia da Elisha sun yi abin da suka san ana kira girmamawa. Inda suka kuskure shi ne ba su tambaye ki ba. Sun ɗauka aiki ne ke gajiyar da ke, alhali aikin ne ke haɗa ki da mutane. Ke kuma, Mama, kin yi godiya kin yi shiru shekara guda, ta yaya za su gane?

Ki fara da Celina, a wannan satin. Ki gaya mata ƙarara cewa ɓoye miki aka yi, kada ki bar ta tana zato. Sannan ki gayyaci Lydia gida ita kaɗai, ba a gaban taro ba. Ki gode mata kamar yadda kika gode a nan, ki roƙi abubuwa ƙayyadaddu: a mai da sunanki cikin masu ziyara, ko da gidajen kusa ne, kuma kada a ƙara ɓoye miki rashin lafiyar kowa. Sarautar ba sai kin ajiye ba. Ki yi addu'arki a gaba, sauran lokacin ki zauna inda ranki yake so, ba wanda zai tashi Uwar Zumunta daga benci.

Elisha kuwa tausayin gwiwarki yake ji. Ki bar mai keke ya kawo ki ƙarfe uku, komawa ki taka da ƙawarki in jiki ya yarda, ranar da bai yarda ba ku hau tare. Maganar tulu, ke da kanki kin yi adalci. Ki bar wa Vicky, amma ki nemi waƙa ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin da ba sa son gaggawa.

Wataƙila fuskar Lydia ta ɗan canja da farko. Zai wuce. Ki tuna akwai mata a bayanki da su ma gashinsu ya fara fari. In kika yi shiru, duk wadda ta tsufa haka za a yi mata, kuma da ke za a kafa hujja, a ce ai Mama ta ji daɗinsa. Ke kaɗai ce za ki faɗi maganar nan a saurara, don ke ce a kan kujerar.

Allah ya ƙara wa Celina lafiya, ya ba gwiwarki sauƙi, ya bar ku tare shekaru masu yawa.

'Yarki,
Jamila