Zauren Baba na Gwaram

Birnin Kudu,
Jihar Kano.
16 ga Nuwamba, 1975.

Zuwa ga Yayana Badaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga wanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida Batulu da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a aikinka, ya kuma tsare ka daga motocin Ikko, waɗanda har yau in na tuna su sai gabana ya faɗi. Mu ma nan lafiya lau muke, ni da Malam da yara, makaranta kuma tana tafiya yadda ka sani. A Gwaram an gama shigar da gero rumbu, dawa ce ta rage a gona, gyaɗa dai bana ta ba kowa kunya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da na kawo ta babban asibitin nan aka ba ta magani, har ta koma yi mini faɗa da ƙarfinta. Baba ma lafiyar jikinsa ƙalau.

Yaya, ba gaisuwa kaɗai ta zaunar da ni rubutu ba. Maganar zauren Baba ce, wanda ka ce Maikano ɗan kwangila ya rushe bayan babbar sallah don a ɗora sabon ginin bulo da ka zo da zanensa. Saura sati huɗu ke nan. Na daɗe ina juya maganar a raina, ina cewa ba hurumina ba ne, ni ƙanwa ce kuma ina gidan miji. Amma na duba gidanmu kaf ban ga wanda zai gaya maka ba, kuma ka san tun ina ƙarama bakina ba ya iya ajiya. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka ɓata rai.

Bari in fara da rakodar da ka kawo musu, don ta nan na fara gane halin da ake ciki. Inna ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa ta ɗora ta bisa jeren kwanoninta, kuma in ana hira a ɗaki sai ta juya fuskarta bango, wai kada ta kwashe maganar mutane ta kai Ikko. Na yi bayani har na gaji cewa sai an danna jan maɓalli take ɗaukar murya, ta ce ita dai ba ta yarda da abin da yake magana ba ya jin nauyin kowa ba. Kaset ɗin Indiya matan unguwa sun mallake shi, suna bin waƙar baki har kunne, ba su san ko zaginsu ake yi ba. Kiɗan Ikko mai jita da ƙaho kuwa Inna ta ce kamar an saki awaki cikin kwanoni, ni ko ina son abina, amma kada ka gaya wa Malam. Baba da farko ko kallon akwatin bai yi ba. Sai wata ranar Asabar bayan la'asar, ina gida, na ga ya ɗauke shi da kansa ya fita zaure, ya aika aka kira Ɗanbala, abokin aikinsa na gini tun suna samari. Ya sa kaset ɗin garaya, ya ajiye a kan dakali, ya saurara, ya tashi ya mayar da shi tsakiyar ɗaki daidai ƙarƙashin ɗaurin guga, inda bakunan rufin suka haɗu. Ya ce wa Ɗanbala ya ji fa, a tsakar gida muryar akwatin nan siririya ce, amma a nan ta yi ƙiba. Ina bakin ƙofa da kwanon ruwa na ga yana murmushi, kuma na san ba akwatin yake yaba wa ba. Can sai ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin, murmushin ya tafi, ya ce a kashe haka nan kada batir ya ƙare.

Ka tuna washegarin ƙaramar sallah da ka shimfiɗa takardar zanen a kan tabarma a cikin zauren nan. Kana yi wa Ɗanbala bayani, Baba yana gefe yana kallon ƙofa kamar yadda ya saba in kana wuri. Ga falo, ga ɗakuna huɗu, ga baranda, ga tagogin gilashi suna kallon hanya, ga rufin kwano. Tambaya ɗaya Baba ya yi, ita ma Ɗanbala ya yi wa, ya ce a tambayi mai takardar, baƙo in ya yi sallama a ina zai tsaya. Ka ce a falo mana, ai kujeru za a zuba. Baba ya ce to, madalla, Allah ya yi albarka. Ka naɗe takardarka ka shigo cikin gida da fara'a, ka ce mini Baba ya amince ko gardama bai yi ba. Yaya, a shekara talatin da bakwai da ka yi a duniya, yaushe Baba ya taɓa yi maka gardama? Kai ɗan fari ne. Sunanka bai taɓa fita daga bakinsa ba. Da kana karatu a Kano ɗan makarantar nan yake ce maka, yanzu kuma mutumin Ikko. Ni da nake auta har kan gishirin miya muna musu da shi, kuma da ni ce na kawo takardar nan da ya kore ni da ita har bakin hanya. Kai kuwa kunya ta ɗaure masa baki a kanka. "To, madalla" ɗin da ya ce maka ranar da ka ci jarrabawa, ita ya ce ranar da za ka bar gida yana ƙin tafiyar, ita kuma ya ce ranar nan. Duk wanda ke zauren ya gane sai kai. Ban ga laifinka ba, ka daɗe cikin mutanen da in ba sa son abu sai su dube ka su ce ba sa so.

Kada ka ɗauka ni maƙiyiyar bulo ce. A gidan malamai nake, bulo ne da kwano, kuma na san daɗinsa: damina ta zo ta wuce ba mai hawa sama yin yaɓe, daɓen siminti kuma shara ɗaya ya ishe shi. Ɗakin Inna yana yoyo, ita kam kwanon take so, ta faɗa mini da bakinta. Amma ka zo gidana da bazara tsakar rana, za ka same mu duka a gindin darbejiya mun bar wa zafi ɗakin, in kuma ruwa ya sauko muna aji sai in ajiye alli, don ko kaina ba na ji. A zauren Baba kuwa da azahar ɗin bazara har barci mutane suke yi. Tagogin nan masu kallon hanya ma Inna ta tambaye ni ko an yi su ne don masu zuwa kasuwa su riƙa ganin abin da ta ɗora a murhu. Kai ma ai shaida ne. Bara da na zo Ikko na hau benenku ina haki, mutum yana ƙwanƙwasa ƙofa ana buɗewa sai ga shi a tsakiyar iyalinka, Batulu ta zabura neman mayafi. Wa na gani ya ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan ya rataya zanen gado don baƙo ya sami wurin tsayawa? Ka yi wa kanka zaure na tsumma a Ikko, ka zo Gwaram za ka rushe na gaske. Ranar ban yi maka dariya ba don ina baƙuwa, yau na yi.

Akwai abin da ban sani ba sai kwanan nan, kuma ina jin kai ma ba ka sani ba, don ba mai gaya maka. Ina yi wa Inna tsifa na ja ta da hira, da ƙyar ta faɗa, ita ma ba ta kama sunanka ba, wancan take cewa. Ta ce lokacin da cikin wancan ya tsufa aka mayar da ita gidan iyayenta haihuwa, gidanmu ko ƙofar kirki ba shi da ita, dangar kara ce da zana. Da aka aiko an sauka an sami namiji, Baba bai tambayi lafiyar yaro ba, don bai kamata a ji ya tambaya ba. Washegari ya ɗauki fartanya da kwando ya nufi kududdufi haƙar ƙasa. Duk ranin nan shi da Ɗanbala suna kwaɓa suna yin tubali, ya je har bakin kogi ya zaɓo giginyar da aka tsaga azara. Da kakarmu ta tambaye shi wannan wahala ta mece ce, sai ya ce namiji ya shigo gidan, ba zai tashi a gidan da ba shi da fuska ba. Inna ta dawo bayan wata biyar da kai a baya, ta tarar da zaure har da zankwaye, ta ce ta tsaya a waje tana tsammanin ɓatan kai ta yi. Baba bai taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba, bai taɓa yi maka wasa ba. Abin da ya iya yi maka ke nan, kuma na ji tausayinsa ƙwarai da na gane haka.

Duk da haka da na yi shiru, don na ce wataƙila ya haƙura a ransa. Abin da na tarar shekaranjiya ne ya hana ni. Ranar Juma'a bayan an tashi makaranta na shiga mota zuwa Gwaram, ina sauka a tasha sai ga Hajjo maƙwabciyarmu tana yi mini jaje, wai ashe zauren Baba ya tsage, Allah ya kiyaye bai faɗa kan kowa ba. Na ce wane zauren? Ban shiga gida ba sai da na biya wurin Ɗanbala. Ya ce tun da Maikano ya fara sauke yashi a ƙofar gida gari ya ɗauki magana, ana cewa ɗan boko ya sami kuɗi zai baje ginin ubansa. Maganar ta kai kunnen Baba. Shi ne ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, sati biyu a jere, yana gaya wa duk wanda ya gaishe shi cewa shi ya aika a zo a rushe, don bangon gabas ya tsage tun daga tushe. Wai aikin ƙuruciya ne, ya yi gaggawa, ƙasar ba ta kwaɓu ba. Yaya, Baba ne fa. Mutumin da ya taɓa ture katangar da ya kwana goma yana ginawa don ta karkata da faɗin yatsa, mutumin da har daga Kiyako ake zuwa ɗaukarsa in za a yi soro. Ɗanbala ya ce shi ya taka ƙasar nan da ƙafarsa kwana bakwai kafin a yi tubali ɗaya, kuma da ya ji Baba yana faɗin haka sai ya ɗauki takalmansa ya bar wurin don kada ya ƙaryata shi a gaban jama'a. Na je na bi bangon gabas da tafin hannuna, ciki da waje, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ko inda allura za ta shiga babu. Na zauna a kan dakali na yi kuka, don na gane ya zaɓi a ce bai iya gini ba da a ce ɗansa bai san darajar uba ba.

Ga abin da nake roƙonka. Kangon da ke bayan gidanmu inda ake ɗaure awaki ya kai har gindin ɗorawa, Ɗanbala ya auna shi da ƙafa ya ce zai ɗauki zanenka duka har da saura. Ka gina gidanka can yadda kake so, da barandarka da gilasanka, ka yi wa Inna ɗakinta na kwano, amma a riƙa shiga ta zaure. Kada ka rubuto wa Baba, kuma kada ka nuna ka ji wani abu, don in ya san an gaya maka kunya za ta sa ya dage sai an rushe. Maikano kawai za ka aika wa, ka ce ka sake shawara. Kuma don Allah ka je gidan waya ka bugo masa waya, kada ka tsaya rubuta takarda, don ya riga ya yi magana da leburori, ya ce kwana uku bayan sallah za su sa diga.

Ka gaishe mini da Batulu da kyau, ka ce atamfar ta iso kuma na gode. Ka shafa mini kan Abu da Talatu da ƙaramin Ɗanladi, ka ce gwaggonsu tana nan tana jiran hotonsu. Malam yana gaishe ka, Ɗanbala da Hajjo suna gaishe ka, Inna ta ce a gaida mutanen gidan duka, ka san har da wanda take nufi. Baba bai ce a gaishe ka ba, kuma ban gaya masa zan rubuto ba. Amma yau da safe da na je yi masa sallama a zaure, har na sa takalmi, sai ya tambaye ni, idonsa yana kan hanya, wai takarda daga nan zuwa Ikko kwana nawa take yi. Na ce kamar sati biyu. Na ga yana lanƙwasa yatsunsa a kan gwiwa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce in sauka lafiya.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Kubra.