Masarar da ba ta tsiro ba a Arikya

Zuwa ga Babban Manajan Kamfanin Rumbun Waya,
masu sayar da kayan noma ta intanet.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatanka. Yaya ruwa a wajenku? Mu nan Lafiya ya yi gyara, mun gode Allah.

Sunana Rifkatu, ina zaune a Akurba. Aikin jinya na yi a ƙananan asibitocin ƙauye har na yi ritaya, kuma yawancin shekarun a wajen rigakafin yara na yi su. Yanzu noma nake yi a Arikya tare da wasu mata goma sha ɗaya, muna da ƙungiya. Da yake ni ce mai babbar waya kuma ni ce na fi su karatu, ni suka ɗora wa sayen iri a bana. Ni na ce musu mu daina sayen na kasuwa wanda ba mu san asalinsa ba, mu saya daga kamfani mai suna. Ni na kawo musu sunanku da bakina.

Ban so in yi maka magana a bainar jama'a ba. Amma na kira lambarku har na daina ƙirga, kuma kowane kira sabon mutum ne zai ɗauka, ya ce in faro labarin daga farko. Na gaji da farowa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, wanda zai karanta ya karanta.

Na ɗaya. Kafin ruwa ya zauna na yi odar irin masara leda ashirin da huɗu, mai kilo bibbiyu, leda biyu ga kowace mace har da ni. Kayan sun iso shagonku na karɓar kaya da ke cikin gari a kwali biyu, ɗaya mai leda goma sha huɗu, ɗaya mai goma. Na ɗauko su a keke, na raba bayan taronmu. Ledojin iri ɗaya ne a ido, hoto ɗaya, suna ɗaya. Na fara buɗe babban kwalin, na ɗauki nawa, na miƙa wa mata shida. Sauran biyar suka samu daga ƙaramin. Aka yi ruwa mai kyau, muka yi shuka duk a mako guda.

A rana ta shida gonaki bakwai sun yi layi kore shar. Gonaki biyar kuwa ƙasa ce kawai, sai ɗan tsiro nan, ɗan tsiro can, kamar haƙoran tsohuwa. Muka ce mu ba shi kwana uku. Muka ƙara uku. Da muka tona ramukan sai muka tarar da ƙwayar ta kumbura ta ruɓe.

Tawa gonar tana cikin waɗanda suka tsiro. Ina so ka riƙe wannan, domin shi ne ya fi komai yi mini ciwo. Gonata tana iyaka da ta Asabe, matar da muka fi shekara ashirin tare. Ta tsaya a kan iyakar, ta dubi tawa ta dubi tata, ta ce da ni, "Mama Nas, naki ya fita, nawa bai fita ba. Ba tare muka saya ba?" Ba ta ɗaga murya ba. Ni kuwa na juya na kama hanyar gida.

Na biyu. Da na dawo gida sai na tuna da aikina na da. A asibiti kowace kwalbar allura tana da lamba a jikinta wadda ke nuna rukunin da aka sarrafa ta tare da shi, mu bach lamba muke ce mata. Na ɗauko ledata ta masara na juya gindinta, sai ga irin wannan lambar an buga da baƙin tawada. Washegari na hau mashin na bi matan gida gida ina roƙon ledojin da suka zubar. Wasu sun ƙona, wata ta zuba gishiri a tata, wata sai a bola muka tono. Na samu na mata tara. Na shimfiɗa su a tsakar gida. Lamba iri biyu ce. Duk wadda gonarta ta tsiro, lambar ledarta ta ƙare da 08. Duk wadda tata ta ƙi, ta ƙare da 31. Babu ko ɗaya da ta saɓa.

Ban tsaya nan ba, don kada a ce tsohuwa ta yi zato. Na samo ragowar iri na kowane ɓangare, na ƙirga ƙwaya ashirin ashirin, na jera su a jiƙaƙƙen buhu, na rufe, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana biyar, na 08 sha tara suka tsiro. Na 31 uku. Buhu ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya. Na ɗauki hoto na tura muku, tare da hoton ledojin. Ban san abin da ya kashe irin ba, ko zafi ne ya dafa shi a sito, ko ya kwana shekara. Ban ce da gangan kuka yi ba. Abin da na sani shi ne akwai rukuni guda matacce, kuma ga lambarsa.

Na uku. Ga amsoshin da na samu. Na farko ya ce wataƙila tsuntsaye ne ko tururuwa. Tsuntsayen Arikya ke nan sun iya karatu, suna duba lamba kafin su tona. Na biyu ya ce wataƙila mun zurfafa rami. Waɗannan matan tun suna goye a bayan iyayensu suke zuwa gona. Ta uku wata yarinya ce mai ladabi, Allah ya yi mata albarka, ita ce ta faɗa mini gaskiya. Na tambaye ta mutum nawa kuka aika wa mai lamba 31, don a kira su kafin su shuka. Ta duba kwamfuta, sannan ta ce kwamfutarsu tana riƙe sunan kaya da yawansu da lambar oda ne kawai. Lambar rukuni ba a shigar da ita, ko lokacin da kaya suka shigo sito, ko lokacin da suka fita. Duk masarar wannan sunan abu ɗaya ce a wajenku. Daga ƙarshe ta ce an ba ta izini ta yi mini ragi a sayayya ta gaba.

Ranka ya daɗe, na yi mamaki ƙwarai. Kuna sanin inda kwalina yake a hanya, kuna turo mini saƙo ya bar sito, ya iso Akwanga, ya iso Lafiya. Amma ba ku san abin da ke cikinsa ba. Mu a asibitin ƙauye ba mu da kwamfuta, ba mu da wuta ma sau da yawa. Rajista ce da biro. Duk yaron da aka yi wa allura, sai an rubuta lambar kwalbar a katinsa da kuma a rajista, ko da layi ya kai bakin titi, ko da uwaye suna zagi. Akwai lokacin da saƙo ya zo daga sama cewa a dakatar da wata lamba. Kafin la'asar mun ware kwalaben, mun san yara nawa ne, mun san ƙauyukansu da sunayen iyayensu. Ba wayo muka fi ku ba. Rubutawa kawai muke yi.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin da ya sa ban haƙura na yi shiru ba. Na koma shagonku na karɓar kaya. Mai kula da shi, Malam Sabo, dattijo ne mai sauƙin kai. Ya saurare ni, ya ba ni kujera, ya bar ni na duba kwalayen masara da ke jiran masu su. Uku daga ciki lamba 31 ce. Na roƙe shi ya riƙe su. Ya kira na gaba da shi a gabana, aka ce masa aikinsa miƙa kaya ne kamar yadda takarda ta nuna, maganar inganci ba tasa ba ce.

Ina nan zaune wani mutum ya zo a kan mashin, ƙafarsa duk laka, ya nuna lambar odarsa, aka ba shi ɗaya daga cikin ukun. Na tashi na bi shi waje na yi masa bayani, na nuna masa hoton buhun. Ya dube ni sama da ƙasa, ina jin ya ɗauka ni ma mai sayar da iri ce, ina ɓata na wasu. Ya ce ya gode, ya ɗaure kwalinsa da roba, ya kama hanyar Doma. Ban san sunansa ba. Ku kun sani, yana cikin kwamfutarku tare da lambar wayarsa. Abin da ba ku sani ba shi ne yana cikin waɗanda ya kamata a kira.

Tun daga ranar Malam Sabo ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk kwalin iri da zai fita yana rubuta lambar da ke gindin leda da lambar wayar mai karɓa. Ba wanda ya sa shi. Na ambaci sunansa ne don a yaba masa, kuma ina roƙonka kada wannan wasiƙa ta jawo masa matsala.

Na biyar. Ga inda muke yanzu. Uku daga cikin matan biyar sun samu tsohon iri a wajen maƙwabta sun sake shuka, sun makara da mako uku, masararsu tana gwiwa lokacin da ta mutane take kafaɗa. Biyu ba su samu ba, Asabe tana ciki. Ragowar irinku yana nan a ɗakina. An rina shi da jan magani, ba ya ciyuwa, ko kaji ba za a ba ba.

Na kai ledojin wajen taro na jera su a ƙasa, na nuna lambobin ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun gane. Wata ta ce lamba ba ta cika rumbu, kuma ban ga laifinta ba. Babu wadda ta fito fili ta ce na zaɓi mai kyau na ba su marar kyau, amma na san an faɗa a bayan idona, domin gari ƙarami ne. Na ajiye musu aikin sayen iri a ranar. Na shekara talatin ina riƙe 'ya'yan mutane ana yarda da hannuna, ban taɓa zaton leda biyu ta masara za ta sa a riƙa kallona haka ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ragi ba ne, ku bar raginku.

Ku dakatar da sayar da duk masarar da lambarta ta ƙare da 31, ku gwada ta da kanku. Buhu da ruwa da kwana biyar kawai ake bukata.

Tunda ba ku san wanda ya karɓe ta ba, ku tura saƙo ga duk wanda ya sayi wannan masara a bana, ku ce ya juya ledarsa ya duba. Kuna turo mana talla kullum, hanyar a buɗe take.

Daga yanzu ku riƙa rubuta lambar rukuni lokacin da kaya suka shigo da lokacin da suka fita, ku sa ta a rasit ɗin mai saye. Ba iri kaɗai ba, har da maganin feshi da na dabbobi, domin ran da irin wannan ta faru da maganin da ake ɗura wa shanu, ba gona ce za ta tsaya fayau ba.

Na ƙarshe, ku rubuto takarda da hatiminku, layi uku ma ya isa, ku ce irin da aka ba mata biyar a Arikya daga rukuni marar kyau ya fito, ba daga hannun Rifkatu ba. Ina so in karanta ta a gaban taro, in fassara wa waɗanda ba su jin Hausa sosai.

Ba na sa ran amsa da wuri, na saba. Lokacin masara ya wuce wa Asabe, amma na riɗi bai wuce ba. Na auno mudu biyu a wajen ƙanwata, na gwada shi a buhu, ya tsiro. Ran Asabar zan kai mata. Ban sani ba ko za ta karɓa. Idan ta karɓa zan ɗauki fartanya in taya ta, idan ta ƙi zan ajiye a bakin ƙofa in dawo.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon kwana, ya albarkaci kasuwancinka, ya ba ka ma'aikata masu faɗa maka gaskiya. Allah ya raba ka da ranar da za ka tsaya a gaban wanda ya yarda da kai ka rasa abin cewa.

Wassalam.

Taka,
Rifkatu,
Akurba, Lafiya.