Shafi na Arba'in da Ɗaya

Gazawa, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara da mutanen Cadakori. Ya zafi? Mu nan sai godiya.

Yaya, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kin san kundin ilmin nan na intanet da muke rubutawa da Hausa idan na tashi daga aji a lakol. Bara na rubuta a shafin garinmu cewa kakanmu Auta ne ya gina rijiyar tsamiya, shi kaɗai. Watanni maganar tana nan, sai wani abokin rubutu, Abdussamad na Gidan Rumji, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya goge ta. Wai "in ji Kaka" ba hujja ba ce, sai na kawo sunan marubuci da shekara da lambar shafi. Mutum ne mai taurin kai kamar jakin kasuwar Gangara. Sati uku muna sa-in-sa.

Ana haka na samu kundin kammala karatu na wani ɗalibin jami'a, ga maganar a shafi na 41. Na liƙa, Abdussamad ya yarda, har da yi mini jinjina.

Amma Yaya, jimlar tawa ce. Daga shafinmu ɗalibin ya kwashe ta, har da kuskuren shekarar da na yi. Na gane, na yi shiru, don kawai in kayar da Abdussamad. Ni kuwa ina ɗan shekara shida Kaka ta rasu. Ke da kika yi wayo a ɗakinta, don Allah me ta ce game da rijiyar nan?

Ki gaida kowa.
Ƙanenki, Garzali

Gazawa, 21 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Hamdiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarki ta iso. Ashe su biyu suka gina rijiyar, Auta yana haƙa, kakan Bappa, Bafulatanin nan na rugar gefen garinmu, yana jawo ƙasa, suka yi alkawarin garin da rugar za su sha tare.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi. Ruwa ya ja baya bana, samarin garinmu suka buga shafin a takarda, suka kewaye rijiyar da ƙaya, suka hana shanun Bappa sha. Kwana tara ke nan. An ce matan rugar sun daina kawo nono, kuma an ga baƙin makiyaya suna sauka wurin Bappa, ba wanda ya zo da iyali. Jandarma sun leƙa sau ɗaya, sun tafi.

Sau uku ina goge jimlar, sau uku Abdussamad yana mayar da ita. Na rubuta masa gaskiya duka. Ya ce magana mai hujja ba a cire ta da "in ji yayata", in kawo littafin da ya ƙaryata wancan. Yanzu an kulle shafin, wai ina ɓarna. Ban ma iya jin haushinsa ba, dokar da na yaudare shi da ita ce yake tsarewa.

Ran Alhamis za a zauna gaban sarki, kuma Baba ne zai dafa Alƙur'ani a kan cewa rijiyar tamu ce mu kaɗai. Kin san Baba bai taɓa rantsuwa ba, kin kuma san abin da ke bin wanda ya dafa a kan ƙarya. Tsoro nake ji, Yaya.

Jiya na hau babur na samu Baba gindin tsamiya, na faɗa masa ni na ƙirƙiri maganar. Ya zaro takardar daga aljihu, ya lallaɓa ta a kan gwiwarsa, ya tambaye ni ko yanzu na fi littafin jami'a sani.

Ki roƙi maigidan ya bar ki ki taho ran Laraba. Ni zan tashi gaban jama'a in ƙaryata kaina, amma wa zai yarda da wanda ya ce shi maƙaryaci ne? Duk duniya ke kaɗai kika rage da kika ji daga bakin Kaka, ga shi ba ki da lambar shafi.

Allah ya sa ki riga Alƙur'anin isowa.

Ƙanenki, Garzali