Kurar Kaka da Makina

Hamma Tahir,

Na fita kana barci, ban so in tashe ka ba. Shayinka yana cikin filas.

Jiya Madam Achta, malamarmu ta adabin baka, ta dawo mana da aikinmu. Dama ta ce kowa ya rubuto tatsuniya daga bakin tsohon gidansu, ba daga littafi ba, ni kuwa na kai ta Kaka, ta kura da mai kamun kifi. Tara ta ba ni bisa ashirin! Wai ni na ƙirƙiri ƙarshen, don ba ta taɓa jin tatsuniyar da kura ta tsira da kifi a baki ba.

Na ce, "Madam, wallahi haka kakata ta faɗa."

Ta yi dariya ta ce, "To kawo ta aji mu ji. In haka ne, zan gyara miki maki."

Ka san in ban kai goma ba sai na sake jarrabawa a hutu, zuwa garin Maga bikin 'yar'uwarmu Ramatu ya wuce ni ke nan.

Don Allah ka ɗauko Kaka a moto, babur ɗin nan naka, kafin azahar, zan jira ku a bakin get. Ta yarda, har ta fito da sabon mayafinta. Matsalar ɗaya ce: duk ranar da ta ba da labarin nan sai ta canja ƙarshensa. Ka riƙa tuna mata a hanya. Yau dai kada ta kashe kurar nan.

Ƙanwarka,
Khaula