Amalanken Baba a Hanyar Gudu

Minguettes, daren Laraba

Ina wurin aiki a Saint-Fons, kusa da unguwarmu Minguettes a nan ƙasar Turawa, Yaya Sani ya turo mini bidiyo daga Montreuil, garin da yake zaune a nan ƙasar, ko sallama babu. Mutanen garinmu na can gida ne jere a hanya, 'yan bindiga sun ƙone gari.

Sai ga amalankenmu, wanda muke kai taki gona da shi, mu kwaso dammunan gero. Yau tabarmi ne a kai, da tukwane, da Inna a zaune tana riƙe da ƙafarta mai ciwo. Na duba gaba, babu shanu. Baba ne ya rataya igiya a ƙirji yana ja.

Na kira Yaya, na ce, "Ina shanun?"

Ya ce, "'Yan bindigar sun kora su tun asuba, Habu."

Sai bayan isha'i na samu Inna a wayar wani maƙwabci. Ta ce, "Mun iso Maraɗi lafiya, kada ka tada hankalinka. Babanka dai hannuwansa sun ƙi ɗaguwa, ni na ba shi fura a baki."